Ingilishin Sallau

Sallau ya dawo daga cin rani a farkon watan Afrilu, lokacin da zafi ya kai inda ya kai. Shekara ashirin da ɗaya ke nan yana wannan tafiya. Da an gama girbi an kai gero rumbu, sai ya saɓa jaka ya nufi Fatakwal, inda yake ɗaurin rodi a wuraren gine-gine, ba a sake ganinsa a Matamaye, garinsu na Nijar, sai hadari ya fara haɗowa. Bana ginin da suke yi ne ya tsaya, mai shi ya ce a dakata, shi ya sa ya riga abokan tafiyarsa dawowa da kusan wata biyu.

A cikin tsarabarsa, ƙarƙashin atamfa da sabulu, akwai wani abu da ya naɗe da rigarsa ta Juma'a. Odinatar ce, wato kwamfuta, ƴar ƙarama, irin wadda ake rufewa kamar littafi, ta sha hannu har wasu haruffan sun goge. A Kano ya tsaya ya saye ta. Mai shagon ya ce masa ya zuba abu biyu a ciki: ƙamus mai magana, da kundin sani wanda ya tattara duk abin da ake koyarwa a makaranta, tun daga tururuwa har taurari. Ya ce kuma ba ruwansu da rezo, wato sabis ɗin waya, ko a tsakiyar daji aka buɗe su za su yi aiki. Wannan maganar ta ƙarshe ita ta kama Sallau, don a unguwarsu sai mutum ya fita bakin titi kafin waya ta shiga sosai. Daga nan bai ƙara tambayar komai ba.

Don Najaha ya saya. Ita ce ƴarsa ta fari, shekararta goma sha shida, tana ajin ƙarshe a kolej, kuma a ƙarshen watan Yuni za ta zauna jarrabawar birebe, wadda in ba a ci ta ba babu zancen wucewa gaba. Da yake ƴar fari ce, Sallau bai taɓa kiran sunanta ba. In tana kusa "ke" ce, in ba ta nan "yarinyar nan". Ga kunyar ɗan fari, ga rabin kowace shekara ba ya gari. Da za a tara duk maganar da ta taɓa shiga tsakaninsu a cire gaisuwa, abin da zai rage ba zai cika yini guda ba. Ko odinatar ɗin ma, uwarta Balki ya miƙa wa.

"Ungo, ki ba yarinyar nan. An ce karatu ne a ciki."

Gidan babu kuran, wato wutar lantarki. Saboda haka aka tsara cewa kullum da safe Najaha za ta ajiye na'urar a shagon Bawa tela ta sha wuta, in ta taso daga makaranta ta biya ta ɗauko. Batirin ya tsufa, awa ɗaya da kwata yake yi ya mutu, ko minti ba ya ƙarawa.

Ranar farko, bayan la'asar, ta shimfiɗa tabarma a gindin dogonyaron da ke tsakar gida ta buɗe. Komai na ciki da Ingilishi yake. Tana ɗan taɓa Ingilishi irin na aji, wanda ya isa mutum ya faɗi sunansa da launin rigarsa, amma bai isa ya karanta shafi guda ya fito da ma'ana ba. Sauran karatunta kuwa, tarihi da labarin ƙasa da kimiyya da lissafi, duk da Faransanci ake yi. Nan take ta gane kundin ba zai tsinana mata komai ba. Ta ɗaga kai ta dubi mahaifinta. Yana can bakin randa yana wanke ƙafar da ba ta da datti, ya juya baya kamar bai san abin da ake yi ba, alhali kunnensa yana wajenta. Don kada a ji shirun ya yi yawa, sai ta buɗe ƙamus ɗin, ta faɗa shafin kayan aiki, ta danna ɗan hoton lasifika da ke gefen wata kalma.

Muryar wata mata ta fito, ta faɗi kalmar ta hanci.

"Tsani ke nan," in ji Sallau daga bakin randa. Bai yi niyyar magana ba, bakinsa ne ya riga shi.

Najaha ta duba ɗan hoton da ke ƙarƙashin kalmar. Tsani ne. Ta danna ta gaba.

"Bokiti."

Ta sake dannawa.

"Igiya. A'a, tsaya, sake mini ita." Ta sake. "Igiya ce."

Kafin a kai kalma ta biyar ya matso yana tsaye da buta a hannu. Kafin ta goma ya tsuguna a bakin tabarmar. Batirin ya mutu yana tsakiyar yi mata bayanin bambancin zarton katako da na ƙarfe, gilashin ya yi baƙi, su biyun suka ga fuskokinsu a ciki. Sai ya tuna da kansa, ya miƙe ya ce zai leƙa masallaci.

Washegari haka aka yi, da wanshekaren washegari. Ba wanda ya kira wani. Ita dai ta shimfiɗa tabarma bayan la'asar, shi kuma ya sami dalilin da zai bi ta wajen.

Ingilishin Sallau ba na makaranta ba ne. Na wurin gini ne, wanda ake koya da tsawa daga bakin mai duba aiki. Ya san sunan ƙusa da na guduma, ya san yadda ake cewa a lanƙwasa da a ɗaga da a yi sauri, amma da aka shiga shafin furanni ko ɗaya bai ci ba. Hakan bai hana shi yi wa matar cikin na'urar gyara ba. In ta faɗi kalma ba yadda ya saba ji ba, sai ya girgiza kai.

"Wannan matar ba ta taɓa zuwa Fatakwal ba. In ta faɗi haka a can, ba mai miƙo mata komai."

Wata rana ya fito da wani tsohon katin shiga wurin aiki, ya nuna wa Najaha sunan garin yadda ake rubuta shi, ta kwafa a cikin kundin. Hotuna suka fito: gada, jiragen ruwa, titi cike da motoci, wani kogi da itatuwa suka tsiro a cikinsa. Sallau ya riƙa nunawa da yatsa ba tare da ya taɓa gilashin ba. Ya ba ta labarin ruwan sama da ke kwana uku bai ɗauke ba. Ya ba ta labarin shekarar da katakon da suke takawa ya karye da su a hawa na uku, ya ɗage wandonsa ya nuna mata tabon da ke ƙwaurinsa. Tun tana ƙarama take ganin tabon, ta ɗauka fartanya ce.

"Baba, ba ka ji tsoro ba?"

"Na ji mana."

Shekara goma sha ɗaya da faruwar abin, ba wanda ya taɓa yi masa wannan tambayar. Mutane sun tambaye shi ko an biya shi, sun tambaye shi ko ƙashi ya karye.

A cikin waɗannan makonni ne ya gano cewa ƴarsa ba ta dariya da sauti. Kafaɗunta ne ke rawa, ta rufe hanci da bayan hannu, daidai yadda mahaifiyarsa marigayiya take yi. Bai faɗa wa kowa ba. Amma ya ji daɗi, irin daɗin da bai san yana nema ba sai da ya same shi. Ya daina tsayawa hira a ƙofar masallaci bayan la'asar, har abokansa suka fara cewa Sallau ya shiga lakwal, makarantar boko, da furfura. Ya bar su suka yi ta faɗa.

Balki tana jin su daga madafi. Mako biyar ba ta ce uffan ba.

A tsakiyar watan Mayu aka yi jarrabawar gwaji a kolej. Bayan kwana kaɗan Balki ta haɗu da Madam Rukayya, malamar ajin su Najaha, a wajen wani suna. Malamar ta ja ta gefe ta gaya mata cewa Najaha, wadda ba ta taɓa wuce ta huɗu a aji ba, ta koma ta goma sha tara. Ta ce kuma ƴan matan da ke haɗuwa a gidan su Firdausi bayan la'asar suna bitar karatu sun ce tun watan Afrilu rabon da su gan ta. Balki ta yi godiya, ta ci tuwon suna, ta dawo gida. Ta bari sai da Sallau ya ci abincin rana ya wanke hannu, yaran duk ba sa nan.

"Maigida, na'urar nan da ka kawo, da wane baki take magana?"

"Kin fi wata kina jin ta."

"Ina ji. Bakin Najeriya ne. Su kuwa mutanen lakwal da bakin Faransa za su tambaye ta." Ta gaya masa abin da malamar ta ce, ba ta ƙara ba, ba ta rage ba.

Sallau ya daɗe yana goge hannunsa da gefen riga.

"Ita ta ce miki ba ta so?"

"Ita? Ko wuƙa aka sa mata a wuya ba za ta faɗa ba. Ai tana so, shi ne abin. Kai kana so, ita tana so, ni ma da nake jin ku daga madafi ina so. Jarrabawar ce ba ta san da wannan ba."

Gaskiyar magana, Sallau ba yaro ba ne da za a ce bai san Nijar da Faransanci take karatu ba. A Kano ne bai yi tunanin abin ba, ya ɗauka na'ura mai wayo irin wannan kowane baki ta iya. Amma tun ranar da matar ta fara magana a tsakar gidansa ya gane kuskurensa. Ya gane, ya ajiye ganewar a gefe, kullum yana cewa gobe. Yanzu Balki ta ɗauko ta ta ajiye masa a gaba, kuma saura mako shida jarrabawa.

Washegari da safe, bayan Najaha ta tafi makaranta, ya biya shagon Bawa tela ya karɓi na'urar. Ya sa Balki ta ɗauko masa ɗaya daga cikin littattafan rubutun yarinyar, na labarin ƙasa. Ya haɗa su ya nufi wajen Inusa.

Inusa yana da shago kusa da tasha, inda yake buga takardu da hoto da gyaran na'urori. Mutum ne mai jiki, ya haura arba'in, ya yi shekaru yana wannan aiki a Damagaram kafin ya dawo gida. Yana da ɗabi'ar yi wa na'ura magana kamar tana ji. Ya buɗe ta Sallau, ya ɗan latsa nan da can, ya yi tsaki.

"Kai, baiwar Allah, sun cika miki ciki. Yaya Sallau, wannan cikinta ƙarami ne. Kundin Ingilishin nan shi kaɗai ya cinye kusan duka. Sai an fidda shi kafin wani ya shiga."

"Na ji. Me kake da shi na Faransa?"

Inusa ya jawo wani ɗan faranti mai waya, na ajiyar bayanai, daga aljihun tebur ya jona shi da tasa na'urar. Ya ce kundi uku yake da su. Akwai babba mai hotuna, wanda ko a mafarki ba zai shiga wannan ba. Akwai shi ɗin dai amma an cire masa hotuna, rubutu zalla, wannan zai shiga. Akwai kuma wani ƙarami da aka yi don ƴan makaranta, Faransancinsa mai sauƙi, ga hotuna masu kyau, yara suna son sa. Ƙamus na Faransanci kuwa guda ɗaya ne, ba zaɓi a nan, kuma ba ya magana.

"Ni da za ka bi tawa, da ka ɗauki ƙaramin," in ji Inusa. "Ya fi daɗin kallo. Ko ka turo yarinyar ta zaɓa da kanta."

"Ba sai ta zo ba."

Sallau bai iya karanta ko harafi ɗaya ba, amma ya san yadda ake sayen rodi. Ba a sayensa don mai shago ya yabe shi. Zaro guda daga cikin ɗauri ake yi a lanƙwasa, in ya tsage a bar ɗaurin duka. Ya ajiye littafin Najaha a kan tebur, ya buɗe wani wuri ba tare da ya duba ba, ya ɗora yatsa a kan rubutun da aka ja wa layi da jan biro.

"Tambayi dukansu biyun wannan."

Inusa ya yi dariya, amma ya rubuta. Duka biyun suka amsa. Sallau ya sake buɗe wani wuri. Haka suka yi sau bakwai, mutane biyu da suka zo buga takarda suna tsaye suna jira. Ƙaramin ya amsa huɗu, a uku ya ce bai san zancen ba. Mai rubutu zalla ya amsa duka bakwai, kowanne da shafi mai tsawo da ya cika gilashin baƙi ƙirin, babu inda ido zai huta.

"Sa mata wannan."

"Babu hoto ko ɗaya fa, Yaya."

"A jarrabawar hoto za su nuna mata?"

Inusa ya ɗaga kafaɗa. Ya sallami masu jiran, ya dawo ya goge kundin Ingilishin, ya fara zuba sabon. Wani koren layi ya fito yana tafiya a hankali. Suna zaune suna kallonsa sai Inusa ya ce:

"Af, ƙamus ɗin nan mai magana, shi ba sai an taɓa shi ba. Ɗan mitsitsi ne, akwai wurinsa har da saura. Na bar shi."

Sallau ya juyo ya dube shi.

"Zai ma taimake ta," in ji Inusa. "Ai akwai Ingilishi a birebe."

Maganar gaskiya ce, kuma ta zo wa Sallau daidai inda yake so. Da ya yi shiru kawai, da shi ke nan, ba wanda zai ce ya yi laifi, ko Balki. Ya zauna yana kallon koren layin har ya wuce rabi. Ya san ƴarsa yanzu fiye da yadda ya san ta wata biyu da suka wuce, kuma ya san kansa tun da daɗewa.

"In yana ciki, da kansa yake magana ko sai an danna?"

"Sai an danna mana."

"To za a danna. In ban zo ba za ta danna don in ji in zo. Ni kuma zan zo." Ya gyara zaman hularsa. "Cire shi."

"Yaya, in na goge ba ni da irinsa. Sai dai in kwafe maka shi a kile, ɗan abin ajiyar nan da ake jonawa, ka ajiye."

"In yana gidan za a nemo shi. Cire."

Inusa ya dube shi, ya dubi na'urar. Wannan karon bai ce mata komai ba. Ya danna, ta tambaye shi ko ya tabbata, ya sake dannawa. Abin bai ɗauki lokacin da mutum zai sha ruwa ba.

"In ta tambaye ka, ka ce wuri ne bai isa ba," in ji Sallau.

"Ni ba na yi wa na'ura ƙarya."

"To ka yi shiru."

Bayan la'asar Najaha ta shimfiɗa tabarma kamar kullum. Sallau ya fito da na'urar daga ɗaki ya ajiye mata da kansa. Ta buɗe. Da ta ga Faransanci sai ta gyara zama, ta rubuta wani abu da sauri, shafi ya fito, ta bi shi da ido leɓɓanta suna motsi. Farin cikin da ke fuskarta ba na ladabi ba ne, na gaske ne, kuma Sallau ya gani. Sai can ta tsaya, ta koma farko, ta duba nan ta duba can.

"Baba, ina matar nan?"

"Wuri bai isa ba."

Najaha ta yi mako shida tana juya na'urar nan, ta san inda ake duba abin da ya rage a cikinta. Ta duba. Ta daɗe tana kallon wurin, sannan ta ɗago ta dubi mahaifinta, shi kuwa yana kallon ganyen dogonyaro.

"To," in ji ta.

Daga ranar ta koma zuwa gidan su Firdausi, da na'urar a cikin jaka. Balki ta ji labari cewa ƴan matan har rububin ta suke yi. Sallau ya koma zaman ƙofar masallaci, abokansa suka ce an kore shi daga lakwal, ya ce haka ne.

Ana saura mako biyu jarrabawa, Firdausi ta kwanta zazzaɓi, aka ɗage haɗuwar ranar. Najaha ta zauna a tsakar gida tana karatu ita kaɗai. Sallau ya dawo daga masallaci ya same ta. Ya wuce ta har ya kai ƙofar ɗaki, sai ya dawo ya tsaya a bayanta, yana kallon baƙin rubutun da ya cika gilashin.

"Ke, me yake cewa?"

Ta matsa gefe ta ba shi wuri. Ta ce bayani ne kan yadda ƙasa ke motsi a can ƙarƙashi, har duwatsu su taso. Ta fara juya masa da Hausa, jimla bayan jimla, tana tsayawa tana neman kalmar da za ta dace. Da zuciya ɗaya take yi, ba ta gajarta ba, ba ta nuna ƙosawa ba. Sai dai duk bayan jimla biyu idonta yakan zame zuwa kusurwar gilashin, inda ɗan hoton batirin yake, sannan ya dawo. Sallau ya ga ta yi haka sau uku.

"Na gane," in ji shi. "Ci gaba da karatunki."

"Ban kai ƙarshe ba, Baba."

"Na gane duka."

Ya shiga ɗaki ya ɗauko sungumi ya saɓa a kafaɗa. Balki ta leƙo daga madafi ta tambaye shi ina za shi da yamman nan, ya ce gona. Ya fita, alhali ko ɗigon ruwan shuka bai sauka ba tukuna.